Yadda Iyaye Za Su Nemi Haƙƙin 'Ya'yansu Na Kayan Karatu A Makarantar Gwamnati

A duk farkon shekarar karatu, wajen watan Satumba, yara a Katsina sukan dawo gida da 'yar takarda a hannu, ko kuma da saƙon baka, cewa Malam ya ce a zo da littattafan rubutu kaza, da biro, da tsintsiya, da kuɗin PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, wani lokaci ma har da kuɗin alli ko na gyaran benci. Lokacin kuwa ya zo daidai da ƙarshen damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai gama shiga gida ba. Magidanci mai 'ya'ya biyar ko shida a makaranta yakan dubi takardar nan ya tambayi kansa abin da ake nufi da ilimi kyauta, tunda ga shi kullum ana miƙa masa hannu. Na yi shekaru ina zama a kwamitin kula da wata makarantar firamare a cikin birni, kuma abin da na gani shi ne yawancin iyaye ba su san iyakar haƙƙinsu ba, ba su kuma san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Saboda haka sai su zaɓi ɗaya daga cikin biyu: su ci bashi su biya duk abin da aka ambata, ko su bar yaro a gida har sai hali ya samu. Akwai hanya ta uku, ita ce zan bayyana a nan.

Kafin ka taka zuwa makaranta, ka san abin da doka ta ce, domin wanda ya je neman haƙƙi ba tare da hujja ba roƙo ya je yi. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a ranar 30 ga Satumba, 1999, sannan a shekarar 2004 aka yi masa doka. Sashe na 2 na dokar ya ɗora wa kowace gwamnati a Nijeriya nauyin ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, wato shekara tara. Sashe na 3 ya ce hidimomin da ake yi a makarantun gwamnati na wannan mataki kyauta ne, kuma wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka ya yi laifi, hukuncinsa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Wurin da ya fi muhimmanci ga maganarmu shi ne sashe na 15, inda aka fassara kalmomin dokar. A can aka ambaci hidimomin da ake nufi ɗaya bayan ɗaya: littattafai, da kayan koyarwa, da azuzuwa, da kujeru da tebura, da abincin rana. Ke nan tambayar ko ilimi kyauta ya haɗa da kayan karatu ba ta tsaya a ra'ayin wani ba, majalisar ƙasa ta riga ta amsa ta fiye da shekara ashirin da suka wuce.

Za ka haɗu da wanda zai ce maka ai tsarin mulki ya ce sai gwamnati ta ga hali, kuma ba a kai ta ƙara a kan wannan batu. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, domin sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 yana cikin babi na biyu ne, wanda kotuna ba sa tilasta shi kai tsaye. Amma a shekarar 2010 kotun ECOWAS, a shari'ar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta yanke cewa ilimi haƙƙi ne da ɗan Nijeriya zai iya nema a gaban shari'a. A 2017 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar LEDAP ta kai, ta ce dokar 2004 ta mai da ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙin da ake iya tilasta wa gwamnati. Ban kawo wannan don in tura kowa kotu ba. Na kawo shi ne don uba ya shiga ofishin hedimasta da natsuwar wanda ya san ba alfarma ya zo nema ba.

Ka lura da iyakar dokar, don kada ka ja daga a inda ba ka da ƙarfi. Ba ta shafi makarantun kuɗi ba, ba ta shafi Islamiyyar unguwa da jama'a suka kafa da kansu ba, kuma ba ta kai ga babbar sakandare ba. Abin da ake yi wa ɗaliban babbar sakandare kyauta ya danganta ne ga manufar gwamnatin jiha.

To, da wannan sani a hannu, ka zaunar da yaron ka ɗauki takardar da ya kawo. Idan saƙon baka ne, ka rubuta shi da kanka, da kwanan wata da ajin yaron, domin yara sukan ƙara ko su rage, wani ma yakan saka kuɗin awara a cikin lissafi. Sai ka raba abubuwan gida uku. Kashi na farko shi ne abin da ya shiga cikin hidimomin da doka ta ambata: littattafan karatu na Turanci da Lissafi da Kimiyya da sauran darussa, da alli, da fentin allo, da benci, da gyaran rufin aji. Waɗannan nauyin gwamnati ne, kuma ba daidai ba ne a kori yaro saboda su. Kuɗin rajista da kuɗin jarrabawar ƙarshen zango da kuɗin karɓar sakamako su ma a nan nake saka su, tunda ba a raba karatu da shiga rajista ko da jarrabawa. Kashi na biyu shi ne abin da doka ba ta ambata ba, kamar yunifom da hijabi da takalmi da jaka, wanda a aikace iyaye ne ke ɗaukar nauyinsa. Kashi na uku shi ne wanda ake jayayya a kansa, wato littafin rubutu da fensir da biro.

A kan kashi na ukun nan ina da matsayi, kuma zan faɗe shi a fili. Doka ta ce littattafai, ba ta ware na karatu daga na rubutu ba, ta kuma ce kayan koyarwa. Yaron aji ɗaya da ba shi da fensir da takarda ba a koya masa komai ba, ko da ya wuni a aji yana kallon allo, domin hannu ne ke koyon baƙi kafin ido ya riƙe shi. Mu da muka yi makarantar allo mun san haka: ba a taɓa kai yaro wurin Malam ba tare da allo da tawada da alƙalami ba. Saboda haka a ganina littafin rubutu da fensir suna cikin abin da ya kamata hukuma ta bayar, ko da a ce ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ne da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Amma ina shawartar uban da yake da halin sayen waɗannan ya saya tun yau, ya ci gaba da neman haƙƙin a gefe guda, saboda zangon karatu ba ya jiran takardar koke ta dawo daga ofis.

Mataki na gaba shi ne zuwa makarantar, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata lamarin. Uba yakan taso da fushi, ya tarar da malamin aji a gaban yara, ya ɗaga murya, ya koma gida bai samu komai ba sai ƙiyayyar da ɗansa zai kwasa. Ka tuna cewa malamin nan ba shi ke rabon kaya ba, sau da yawa ma daga albashinsa yake sayen allin da yake rubutu da shi. Ka je da safe bayan an shiga aji, ka nemi hedimasta a ofishinsa, ku gaisa yadda ya kamata, sannan ka ce masa: "Allah ya gafarta Malam, yaro ya kawo mini wannan takarda, na zo ne in fahimci wanne ne daga hukuma, wanne ne iyaye suka amince da shi a taro." Wannan tambaya ba ta zargi kowa ba, amma tana tilasta a bambance abu biyu da aka saba cakuɗawa. Idan uwa ce ke riƙe da yaran, kamar yadda yake a gidajen marayu da yawa, ta je da kanta ko ta tafi da wata daga cikin matan da ke kwamitin makarantar, domin tana da bakin magana daidai da na kowane uba.

Bayan haka ka yi tambaya ta biyu, wadda ta fi kowace amfani a iya sanina: ko akwai littattafan hukuma a sito, kuma yaushe aka kawo na ƙarshe. Hukumar UBEC ta tarayya, mai kula da shirin UBE, tana samun abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar asusun gwamnatin tarayya ba, kuma daga ciki akwai kason da ake warewa don littattafai da kayan koyarwa, waɗanda ake turo wa jihohi ta hannun SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su sauka a ofisoshin ilimi na ƙananan hukumomi, daga nan su isa makarantu. Na taɓa shiga siton wata makaranta na tarar da kwalaye na littattafai ba a ko yage ledarsu ba, gara ta fara cin na ƙasa, alhali a cikin aji yara goma na leƙen littafi ɗaya. Da muka tambaya, sai aka ce ana tsoron a raba yara su yayyaga, masu duba makarantu su zo su ce an yi ɓarna. Tsoron na gaske ne, kuma maganinsa ba faɗa ba ne. Mun sayi babban littafin rajista, aka rubuta sunan kowane yaro da lambar littafin da aka ba shi, uba ko uwa suka sa hannu ko suka dangwala yatsa, aka yi alkawarin dawo da shi a ƙarshen shekara. Da hedimasta ya ga yana da abin da zai nuna idan an tambaye shi, da kansa ya buɗe kwalayen.

Game da kuɗin PTA kuwa, ka fahimci asalinsa. Gudummawa ce da iyaye suke amincewa da ita a tsakaninsu, ba kuɗin makaranta ba ne, saboda haka ba hujja ba ce ta korar yaro daga aji ko hana shi jarrabawa. Ka nemi a nuna maka rubutaccen bayanin taron da aka yanke adadin, ka nemi rasit a duk abin da ka biya, ka kuma halarci taro na gaba. A wurin taron ka kawo shawara uku: a rubuta cewa ba za a kori kowa saboda wannan kuɗi ba, a yafe wa marayu da waɗanda mai unguwa ya shaida ba su da hali, kuma a riƙa karanta wa iyaye lissafin shiga da fita a kowane zango. Ban taɓa ganin taron da aka kawo waɗannan shawarwari cikin ladabi aka ƙi su a bainar jama'a ba. Abin da ke faruwa shi ne iyayen da abin ya fi shafa su ne ba sa zuwa taron, sai a yanke hukunci a bayan idonsu.

Idan maganar ta fi ƙarfin hedimasta, misali babu benci sam, ko shekaru sun wuce ba a kawo littafi ba, to sai a koma ga kwamitin SBMC. Wannan kwamiti ne da ake kafawa a makarantun gwamnati don al'umma ta sa hannu a tafiyar da su, kuma yakan ƙunshi wakilin masarauta, da malamin addini, da wakilan mata, da na tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, da wakilan ɗalibai, tare da shugaban makaranta. Ƙarfinsa shi ne yana magana da sunan unguwa gaba ɗaya, ba da sunan mutum ɗaya da za a ce yana da wata manufa ba. Ka nemi shugaban kwamitin, ka roƙe shi ya kira zama, ku zagaya azuzuwa ku ƙirga da idonku: yara nawa ne a kowane aji, benci nawa ne masu amfani, littafin Lissafi nawa ne, na Turanci nawa ne. Ƙidayar nan ita ce makaminku. Jami'in da aka ce masa makaranta tana cikin wani hali zai ce Allah ya kyauta, amma wanda aka ce masa aji huɗu yana da yara kaza da littafi kaza yana da abin da zai rubuta ya tura sama.

Daga nan sai takarda. A rubuta ta zuwa ga Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, domin kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar Katsina tana da ofishin ilimi da ke kula da makarantun firamare. Idan ƙaramar sakandare ce, a bi ta ofishin ilimi na shiyya zuwa ma'aikatar ilimi ta jiha. Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. A fara da sunan makaranta da unguwa, a kawo ƙidayar da aka yi da ranar da aka yi ta, a ambaci sashe na 3 da na 15 na dokar 2004, sannan a faɗi abin da ake nema a sarari da adadinsa. A guji zagi da zargin sata da shigar da siyasa, domin duk takardar da ta ɗauki launin jam'iyya ta ba wanda ba ya son aiki hujjar ajiye ta. Shugaban kwamiti da hedimasta su sa hannu, idan an samu mai unguwa ko dagaci ya sa nasa, ya ƙara mata nauyi. A yi kwafi biyu, a kai da hannu, a roƙi magatakarda ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da za ku koma da shi. Wannan hatimi shi ne bambancin koken da aka kai da koken da za a ce ba a taɓa gani ba.

Ku ba da mako biyu ko uku, sannan ku koma ku tambaya. Idan shiru ya yi yawa, a rubuta ta biyu zuwa ga shugaban SUBEB a Katsina, a maƙala kwafin ta farko mai hatimi, a kuma ba kansila da ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin nasu kwafin. Yana da kyau ku san cewa kuɗin gine-gine da kujeru da UBEC ke bayarwa ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata rabin, sannan ta gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi. Ma'ana, makarantar da sunanta ya shiga wannan tsari ita ce za ta ga benci, kuma sunan ba ya shiga sai an san da matsalarta a rubuce tun kafin a kammala lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka takardar da aka kai a zangon farko ta fi wadda aka kai bayan damina ta yaye rufi.

Akwai kuma yanayin da ya wuce ƙarancin kaya, wato a kori yaro ko a doke shi saboda bai kawo kuɗi ba, kuma an yi magana an ƙi gyarawa. A nan iyaye suna iya kai kuka ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, dukansu suna da ofis a jiha kuma ba a biyan kuɗi don shigar da koke. Ina ganin wannan mataki ne na ƙarshe, bayan an bi ta hedimasta da kwamiti da Sakataren Ilimi, saboda yaron gobe ma a wannan makaranta zai zauna.

Duk wannan yana ɗaukar lokaci, yaro kuwa yana bukatar abin rubutu gobe da safe. Kada a bar shi a gida ko da kwana ɗaya saboda rashin yunifom ko littafi. Dokar da ta ba shi haƙƙi ita ce ta ɗora wa iyaye wajibcin kai shi makaranta, har ta tanadi gargaɗi a karo na farko, da tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Amma abin da ya fi tara ciwo shi ne yaron da ya yi mako uku a gida yakan saba da kasuwa, yarinya kuma a ɗora mata talla, daga nan komawa aji ya zama aiki. Ka je ka gaya wa hedimasta gaskiya, ka nemi a bar yaron ya shiga da kayan gida masu tsabta zuwa ranar da ka ɗiba. Iyayen layi ɗaya su haɗa kuɗi su sayi littattafan rubutu da dozin a Babbar Kasuwa maimakon ɗai-ɗai a shagon unguwa, su kuma kai wa tela ɗaya yadi a dunƙule. A tattara littattafan bara, a ciro shafukan da ba a rubuta ba, a ɗinke su da zare, sun isa aikin gida na wata guda. Yunifom ɗin da ya yi wa wa kaɗan ya sauka kan ƙane, ko a kai wa kwamiti ya ba maraya. Liman kuma yana iya tunatar da masu fitar da zakka da masu neman sadaka mai gudana cewa ga yara a bayan masallacinsu da fensir kawai ya raba su da karatu. Sai dai duk abin da unguwa ta yi da kuɗinta a rubuta shi a saka a takardar da za a kai wa hukuma, don kada taimakon jama'a ya zama dalilin da za a ce makarantar ba ta da bukata.

Masu 'ya'ya mata a sakandare su tambayi shugabar makaranta ko shugabanta game da shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ke tallafa wa, kuma Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da aka fara shi. A cikin abubuwan da ya ƙunsa akwai gyaran makarantu da tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata marasa ƙarfi don su ci gaba da karatu.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne rajista. Hukuma tana lissafin bukatar makaranta ne bisa yawan yaran da ke rubuce, kuma akan yi ƙidayar makarantu ta shekara-shekara don wannan. Ka tabbatar sunan ɗanka yana cikin rajistar ajinsa, an rubuta shi daidai, ba wai yana zama ne kawai a bayan aji ba. Idan shekara ta ƙare, ka sa ya mayar da littafin hukuma da aka ba shi, a soke sunansa daga rajistar rabon littattafai a gabanka, kwamiti kuma ya sake ƙirga abin da ya rage a sito ya rubuta adadin, domin da wannan adadi za a buɗe takardar da za a kai wa Sakataren Ilimi a Satumba mai zuwa.